Turmin da Inna Ta Tsaga

Sun rushe sashen Gwaggo a makon da ya wuce. Ba wanda ya nemi shawarata, sai dai aka aiko mini da gaisuwa da labarin cewa yaran gidanmu sun yanke shawarar tayar da bulo, su fitar da shaguna a bakin hanya, wai ginin ƙasa ya tsufa, yaɓensa kowace shekara wahala ce. Na ce to, Allah ya sa albarka, don tsoho in ya ce a'a a zamanin nan sai a ce rigimar tsufa ce. Amma zama ya gagare ni. Na sa aka kai ni cikin birni, na tsaya a inda zaurenmu yake a da, ina kallon azarar da kakanmu ya jera da hannunsa an tara ta gefe kamar itacen girki. A kan tulin ƙasar nan na hangi turmin. Wata mai tuyar ƙosai ta riga ta sa an mirgino mata shi, za a faskara mata ta hura wuta. Na ɗaga sandata na ce wallahi duk wanda zai sa masa gatari sai dai ya fara da ni. Yaran suka dubi juna, na kuwa karanta abin da ke idonsu, wato Alhaji ya fara ruɗewa. Ban ruɗe ba. Akwai dai abin da ban taɓa gaya musu ba ne.

Wanda ya tashi a birnin Zariya a zamaninmu da kunne ya fara sanin gari. Kafin ka buɗe ido ka ji ladan, muryar mutum zalla ba lasifika, ka ji guga na faɗawa rijiya, ka ji jakunan mutanen ƙauye sun shigo ta Ƙofar Galadima da itace da dawa, masu su na tafe suna yi musu tsawa. In rana ta ɗan ɗaga, malamai su baje littattafai a zaure, iska ta kaɗa audugar rimi tana shigowa har cikin kwanon koko. Daga nan sai daka ya karɓe gari. Kowane gida da muryar turminsa. Mata uku su kewaye turmi ɗaya suna lugude, wannan ta cilla taɓarya sama ta tafa ta cafe, waccan ta amsa, har mai wucewa a lungu ya gyara tafiyarsa ta dace da kiɗan. Gwaggo tana kwance a ɗaki za ta gaya maka wace ce ke daka a gidan maƙwabta, surfe take yi ko ribiɗi, da daɗin rai take yi ko sun yi faɗa da mai gida. Takan ce baki yana ƙarya, turmi ba ya yi. Nakan ji kuma ana kwaɓar 'yan mata in sun buga taɓarya a turmin da babu komai a ciki, a ce ba kyau. Ni dai ban taɓa sa kunne ba, namiji ne ni, duk daka a wurina daka ne. Yau kuwa je ka tsaya a lungun nan tun safe har azahar, ba abin da za ka ji sai injin niƙa da janareto da 'yan acaɓa masu hon kamar an aiko su su tayar da matattu.

Amma kada wani ya ji ina yabon da ya ɗauka aljanna muka baro. Zamanin yana da ƙaya, kuma mu yara muka fi taka ta. Ni ɗan fari ne, aka kuma sa mini sunan kakana na wajen uba, ka ga kunya biyu ta hau kan mahaifiyata: ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta kiran sunan suruki. Ana yaye ni aka miƙa ni ga Gwaggo, yayar mahaifina, wadda Allah bai ba haihuwa ba. Sashenta da na Inna katanga ɗaya ce tsakani, tsakar gida ɗaya muke, rijiya ɗaya, amma da a bayan dutsen Kufena aka ajiye ni da ya fi mini sauƙi. Inna ba ta dubana in da mutane, kuma gidanmu ba a rasa mutane. In za ta yi magana a kaina sai ta ce yaron nan, ko ɗan Gwaggo. In na yi tuntuɓe na fasa baki a gabanta, sai ta kawar da kai ta ce da wata, "Ku duba yaronku." Ƙanwata kuwa, wadda ke bi mini, a cinya take wuni. A yi mata kitso, a yi mata kirari, a kira sunanta tun daga madafa har a ji a zaure. Matan gida kuma su yi ta yabon Inna, wai ba a taɓa kawo mace mai alkunya irinta ba. Ita ana yi mata ado da abin, ni yana cina.

Yaran unguwa kuma ba su san tausayi ba, ko da yake ni ma ban san shi ba in abin ya faɗa kan wani. Muna wasa a gindin ganuwa, da an yi saɓani sai wani ya ce, "Kai da aka tsinto a bakin kududdufi? In kana da uwa, ta kira ka mu ji." Sauran su ɗauka da waƙa su raka ni har ƙofar gida. Akwai 'yan fari a cikinsu, su ma haka ake yi musu a gida, amma su abin bai dame su ba. Ni ne Allah ya yi wa zuciya mai riƙo.

Abin da ya ƙarasa ni shi ne ranar da Gwaggo ta kai ni asibiti a Wusasa saboda wani gyambo da ya ƙi warkewa a ƙaurina. Muna zaune a benci, ga wata mata da ɗanta, ƙato, ya girme ni, ta rungume shi tana shafa masa kai tana kiran sunansa a gaban kowa. Na ja zanen Gwaggo na ce, "Gwaggo, wannan autanta ne?" Matar ta ji, ta yi dariya ta ce ai shi ne na farinta. Gwaggo ta taɓe baki, muna fita ta ce, "Kowa da irin tasa tarbiyya. Mu a birni ba ma wannan rashin ta-ido." Tun daga Wusasa har gida abu ɗaya nake saƙawa, cewa sai na ji sunana a bakin Inna ko da sau ɗaya ne, ko ta halin ƙaƙa.

Damina ta yi tsakiya, kududdufin bayan gidanmu, inda aka haƙi ƙasar ginin unguwa, ya cika ya batse. Kowace shekara sai ya ci yaro, kowa ya san haka. Wata safiya da hantsi na tuɓe rigata da hulata na ajiye a bakin ruwan, na jera takalmana kamar wanda ya shiga wanka. Na zagayo ta bayan gida inda magina suka bar tsani, na haye saman soron Inna, na kwanta rub da ciki a bayan rawanin soron, na sa ido ta kafar indararo. Daga nan tsakar gida gaba ɗaya tana tafin hannuna. Ina murna, wallahi ina murna. Na ce yau za ta yar da kunya ta yi kururuwa, in ji da kunnena, sannan in sauko.

Wani dattijo mutumin ƙauye da ke yi wa unguwa tubali, muna ce masa Baba Mai Tubali, shi ya tsinci kayan. Na ji sallamarsa a zaure, na ga wata yarinya ta shigo da rigar a hannu. Gwaggo na ganinta ta ɗora hannu a ka ta zube ƙasa tana birgima tana kiran sunana. Gida ya ruɗe. Aka aika a kira mahaifina daga kotun alƙali inda yake aikin rubutu, maza suka faɗa ruwa da gora da igiya. Ni duk ba su nake kallo ba, Inna nake kallo. Tana tsaye a bakin turmi, dama dakan fura take yi. Ta dubi rigar, ta daɗe tana dubanta. Na ce yanzu ne, yanzu za ta kira. Sai ta gyara ɗaurin zanenta, ta ɗauki taɓarya, ta ci gaba da daka.

Haka ta yi ta yi. Rana ta take tsaka, ƙasar soro ta yi zafi har tana ƙona mini ciki, tana daka. Aka kira azahar, ta ajiye ta yi salla ta dawo ta ɗauka. Matan maƙwabta suka cika gidan, kowace ta shigo sai ta tsaya turus ta dube ta, ta kama baki, ta wuce wurin Gwaggo. Na ga wata tsohuwa ta matsa ta kama taɓaryar tana cewa, "Haba 'yar nan, ya isa haka, ki zauna." Inna ta zame hannunta a hankali ta ci gaba. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, na kuwa tambaya, na ga fuskar nan a bushe, ko ɗigon hawaye babu. A saman soron nan wani abu ya mutu a cikina. Na ce ashe gaskiyar yara ne, an ce na mutu, ita furarta ce a gabanta.

Da la'asar yunwa da ƙishi da baƙin ciki suka sauko da ni. Na shigo tsakar gida daga ni sai wando. Aka yi salati, wasu suka ruga don sun zaci fatalwa ce. Gwaggo ta cafke ni, tana duka tana runguma tana kuka. Inna ta jingine taɓarya a bango, ta dubi gefe, ta ce, "Ku ba yaron nan ruwa, rana ta dake shi."

Na fizge daga hannun Gwaggo na tsaya a gabanta, a gaban matan unguwa kaf, na ce, "Na gan ki. Ina saman soro tun hantsi ina kallonki. An ce na mutu kika ci gaba da dakanki. Ke ba uwata ba ce, kuma in kin mutu ni ma ba zan yi miki kuka ba."

Wata ta ce, "La'ilaha illallahu, yaro, uwarka ce fa!" Inna ta juya ta shiga ɗaki tana dafa bango, ta saki asabari. Mahaifina ya yi mini dukan da har yau in hadari ya haɗu ina jinsa a baya, ya kuma sa na je na durƙusa gaban Baba Mai Tubali, wanda kwalba ta tsarge wa ƙafa a cikin ruwan garin nemana. Inna ta yi kwanaki ba ta fito ba, aka ce mini zazzaɓi ne. Da ta fito ta rame, na lura an kife turmin nan a gindin katanga an sayo sabo. Ban tambaya ba. Ban damu ba.

Yaro ya yi fushi ya huce, ni nawa girma ya yi tare da ni. Na yi makaranta, na shiga aikin gwamnati, na yi aure, na fita daga birni na yi gidana a Tudun Jukun. In na zo gaisuwa sai in zarce sashen Gwaggo in baje, in ci in sha, sai zan tafi in tsaya daga bakin ƙofar Inna in ce, "An wuni lafiya?" Ta ce, "Lafiya lau. A gai da mutanen gidan." Shi ke nan. Atamfar salla mai kyau ta Gwaggo ce, Inna kuwa in aika mata da duk wadda hannuna ya faɗa a kai. Tuwon da za ta aiko mini da shi sai in tura wa yara. Da Allah ya hore mini kujerar Makka, Gwaggo na ba. Mutane suka yi ta magana, ƙanwata ta zo har ofis tana kuka ta ce, "Yaya, ka ji tsoron Allah, Inna fa tsufa take yi." Na ce kowa ya ci ladan kuturu ai shi zai yi masa aski, wadda ta yi wahalata ita zan fara kaiwa. Na san abin da nake yi. So nake ya yi mata zafi, so nake ta kira ni ta zage ni, ko a zagin in ji sunana. Ita kuwa ta zauna ta yi wa Gwaggo dambun nama na guzuri, ta raka ta har zaure, na ji tana cewa, "Allah ya yi wa wanda ya kai ki albarka." Na ce a raina, ji ta, wanda ya kai ki. Na yi niyyar kai ta daga baya, ina ta cewa baɗi, har baɗin ta zo ba ta same ta ba.

Ranar sadakar ukun Inna, bayan mutane sun ragu da rana, na shiga cikin gida. Na cika alkawarin da na yi ina yaro, ko ɗigon hawaye ban yi ba, har ana yaba mini dauriya. Na rasa wurin zama sai na zauna a kan kifaffen turmin nan. Gwaggo ta tsufa tukuf a lokacin, tana kan tabarma tana jan carbi. Tun ina yaro take hana ni zama a kansa, na ɗauka camfi ne irin na mata.

Ta ce, "Kai ko kukan uwarka ba za ka yi ba?"

Na ce, "Ai a wurinta na koya, Gwaggo. Ita ta yi nawa?"

Ta ajiye carbin. Ta ce, "Tashi daga kan turmin nan. Juya shi."

Na juya shi. Tsaga ce tun daga baki har gindi, wadda yatsa zai shiga.

Ta ce, "Ka taɓa ganin gero ya tsaga turmi? Ranar da ka hau soro, ta riga ta kwashe garinta kafin a shigo da rigarka. Babu ko ƙwaya a ciki. Itace take duka a kan itace tun hantsi har la'asar. Duk macen da ke unguwar nan ta ji ƙarar daga ɗakinta ta san abin da ake nufi, shi ya sa suka cika gidan. Ni da aka ba ni kai ina da izinin birgima. Ita da ta haife ka, in ta yi kuka a gaban dangin miji, har ta mutu ana yi mata gori. To ina za ta kai shi? Tafin hannunta duk ya sale, mako biyu ni nake ba ta abinci a baki."

Na buɗe baki, ta ɗaga mini hannu.

"Ban gama ba. Tana da ciki wata biyar, ba wanda ya sani sai ni. A ranar ya zube. Namiji ne. Daga shi ba ta ƙara samu ba, ƙanwarka ta zama auta. Tana kwance cikin jini ta kama ƙafata ta ce, Yaya, ku ce wa Malam santsi ne ya kwashe ni a bakin rijiya, kada ya san dalili, kada bakin uba ya kama yaron nan. Ta sa ni rantsuwa ba zan gaya maka ba tana raye, wai kada ka tashi da nauyin rai a wuyanka. Na riƙe. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ina kallo kana yi mata abin da kake yi, na je Makka da kujerar da ta fi ni cancanta, ina ɗawafi ina kuka. Sau nawa na ce ta sake ni in faɗa, ta ce a bar shi, gara ya ƙi ni da ya ƙi kansa."

An ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Ni soro na hau, na ga komai, ban ga komai ba. Kukan da na yi a ranar har zaure aka ji shi, maza suka shigo suna ba ni haƙuri suna cewa ai sai yanzu mutuwar ta sauka masa. Ba su san kukan shekara arba'in nake biya ba, kuma wadda take bina bashinsa tana ƙarƙashin ƙasa kwana uku.

Har yau ban san wanda zan fi jin haushi ba. Wani lokaci al'adar nake tsinewa, wadda ta ɗaure wa mace baki ta bar ta da taɓarya, da matan da suka tsaya suna yaba mata alkunya tana zubar da jini. Wani lokaci in tuna ba al'ada ce ta ajiye riga a bakin kududdufi ba, ba ita ta hana kujerar Makka ba, ni ne, da gemuna da hankalina. Na yi mata aikin hajji daga baya, na yi sadaka, na haƙa rijiya da sunanta, amma wanda ya ƙi ba ka ruwa kana raye, me tulunsa zai yi maka a kabari, sai dai rahamar Allah. Duk da haka ina godiya. Na yi yarinta ina gudu a gindin ganuwa, ina cin ɗanyen mangwaro, ina barci har da minshari, ban san na kashe ƙanena ba. Mahaifina ya rasu yana sa mini albarka. Wannan yarintar da nake kewa, da daɗinta da komai, Inna ce ta saya mini ita da bakinta da ta rufe.

Yanzu jikata takan zo da ɗanta na fari, ta ɗaga shi sama ta sumbace shi, ta kira sunansa sau goma kafin ta zauna, har ta ɗauki hotonsa a waya ta aika wa duniya. Tsofaffin gidanmu su ce zamani ya lalace, kunya ta ƙare. Ni da nake faɗa a kan komai, a kan bulo da acaɓa da wandon samari, a nan kaɗai ba na cewa komai. In ta yi shiru ma nakan ce, ƙara kiransa, bai ji ba.

Mai ƙosan nan ta bi ni har mota ranar da aka sa turmin a bayan motar. Ta ce, "Alhaji, ai tsagagge ne, ba ya daka komai." Na ce mata ya riga ya daka abin da zai daka. Yana nan a ɗakina kusa da buzun salla, na hana a kife shi. Sunana dai har Inna ta koma ga Allah ban ji shi a bakinta ba. Amma ta kira ni tun hantsi har la'asar, duk matan unguwa sun ji, ni kaɗai ne ban ji ba, ina kwance a saman ɗakinta ina kallo.